Badon Amarya

Mahaifina, Malam Maiwada magini, ya yi shekara saba'in da wani abu a Kademi, kuma in aka tattara duk maganar da ya yi a rayuwarsa ba za ta kai wadda nake yi daga asuba zuwa azahar ba. Ni ce Naja'atu, 'yarsa ta biyu. Bakina daga dangin uwa na gado shi, hannunsa kuwa babu wanda ya gada a cikinmu. Da damina manomi ne, da rani magini. Rabin zaurukan unguwarmu shi ya ɗora su. In ya wuce ta gindin katangar da wani ya gina a karkace ba ya cewa komai, sai dai ya kau da kai kamar ya ga abin kunya.

A bayan gidanmu akwai wani ɗan kududdufi, faɗinsa bai fi tabarma shida ba, zurfinsa iya gwiwa. Daga nan Baba ya ɗebi ƙasar da ya gina wa mahaifiyarmu ɗaki kafin a kawo ta. Gidaje da yawa a garin suna da irin wannan rami, kuma kowa ya san amfaninsa: a zuba shara, a zuba toka, agwagi su yi wanka. Namu ne kaɗai aka kewaye da dangar kara, aka yi masa ƙofa, aka hana akuya shiga. Bado ne a ciki.

Sunan mahaifiyarmu Hindatu, amma tun ranar da aka kawo ta mutanen unguwa suka sa mata Amarya, har ta yi jikoki sunan bai sauka ba. Bafulatana ce daga wajen Gafasa ta ƙasar Ajingi. Ta tashi a bakin wani tafki inda suke kai shanu shan ruwa, ita da ƙannenta suna shiga har ƙugu suna tsinkar 'ya'yan bado. Da aka kawo ta Kademi aka sa ta tsakanin katanga huɗu, damina ta farko sai ta fara ramewa. Baba ya tambaye ta ko wani ya ɓata mata rai, ta ce a'a. Ya tambaye ta ko gida take son zuwa, ta ce a'a. Da ya matsa, sai ta sunkuyar da kai ta ce ita dai ta daɗe ba ta ga bado ba.

Washegari da asuba ya ɗaura ƙwarya a bayan keke ya kama hanyar Gafasa. Ya dawo gab da magariba, wandonsa duk taɓo, ƙwaryar cike da baƙar laka. A cikin lakar akwai kwankwarita biyar, wato saiwar bado, mai kama da ƙaramin dankali. Ya shiga ramin ya binne su da hannunsa, ya wanke ƙafa ya tafi masallaci. Inna ta ba mu wannan labari ya fi sau ɗari. Baba bai taɓa ba da shi ba ko sau ɗaya, kuma da ta fara sai ya tuna yana da abin yi a zaure.

Badon nan ba irin farin da ake gani a kowane kududdufi ba ne. Shuɗi-shuɗi ne, kamar tsohon zanen rini da ya sha wanki, tsakiyarsa rawaya. Ba ya buɗewa sai hantsi ya ɗaga, kafin la'asar kuma ya rufe. Wannan lokaci ya yi wa Inna daidai. Ta gama share-share, ta gama dama fura, sai ta ɗauki kujerarta ta tsuguno ta je bakin ruwan ta zauna tana tsintar wake ko tana kaɗi. A hankali ta ƙara masa maƙwabta. Ta dasa na'ana'a da gwaza a gefen da ruwa ke jiƙawa, ta bar gemun kwaɗo ya fito inda ya ga dama, ta bar duman rafi ya hau danga. Kainuwa kuwa ba wanda ya gayyace ta, kuma kullum Inna cikin kwashe ta take tana mita, don in aka ƙyale ta sai ta rufe wa badon rana.

Mutanen gari ba su taɓa fahimtar abin ba. A wurinsu bado ba a shuka shi, duk inda ruwa ya kwanta shi ke kawo shi. Shekara arba'in abokan Baba suna tsokanarsa a majalisa. "Malam Maiwada, bana buhu nawa aka samu na bado?" "Malam, in za a girbe a kira mu gayya." Sai ya yi ɗan murmushi ya ce, "Za a kira ku." Ni ma ban fi su ba. Na yi ƙorafin sauro, na yi ƙorafin kukan kwaɗi, na ce wata rana sai duba-gari ya ci mu tara. Ya kuwa zo sau ɗaya da littafinsa a hammata. Inna ta nuna masa ƙananan kifayen da ta saka don cin 'ya'yan sauro, ta dama masa fura, ya fita da damin na'ana'a a hannu yana godiya.

Doka biyu ce a kan ramin. Ta farko, ba a tonon kwankwarita a cikinsa. Mu yara mun ci ta gasasshiya daga wasu kududdufai, amma ta gida ko kallonta ba ma yi. Ta biyu, da rani in ruwan ya ƙafe, Inna takan shimfiɗa karan dawa da ƙaiƙayi a kan lakar, ta riƙa zuba ruwan alwala da ruwan wanke shinkafa a kai. Tana cewa barci suke yi a ƙasa, kada rana ta dafa su. Damina na sauka sai a kwashe karan, bayan sati uku ganye na farko ya taso kan ruwa.

Inna ta rasu shekarar korona, ba da ciwon ba, hawan jini ne ya kayar da ita a bakin murhu. Ban ga hawayen Baba ba a ranar, ban gani ba a kwana bakwai. Amma ranar da aka share zaman makoki na leƙa baya na tarar da shi a kan kujerar tsugunon Inna, namiji mai furfura a kan kujerar mata, yana kwashe kainuwa da rariyar kwando. Daga ranar ramin ya zama nasa. Mutumin da bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba, sai ga shi ya san yawan ganyen da ke kan ruwa. Bai taɓa kiran sunan Inna a gabanmu ba tana raye, bayan ta rasu ma bai fara ba. Sai dai ya ce "badon Innarku."

A lokacin ne yanar ido ta fara rufe masa gani. Shekara ta farko ya daina hawa gini. Ta biyu ya daina zuwa kasuwar Ajingi shi kaɗai. Ni ina aure a Gaya, ina koyarwa a firamare, duk Juma'a da yamma sai in hau mota in zo in kwana biyu. Asabar da hantsi zai ce, "Naja'atu, zo ki ƙirga min." In tsaya in ƙirga furannin da suka buɗe. In bakwai ne in ce tara, don na ga yadda fuskarsa ke sakewa in sun yi yawa. Allah ya yafe min, wannan ƙaryar ba ita ce ke hana ni barci ba.

Yayana Sharfaddeen, wanda ke ɗinki a Kano, ya yi ta fama da shi ya zo a yi masa aikin ido. Baba ya ƙi. Ya ce abin da zai gani a duniya ya gan shi. Na yi masa faɗa irin na 'ya mace, na yi kuka, na yi fushi na ƙi zuwa sati biyu, duk a banza. Sai wata Asabar cikin kaka, ruwa ya fara ja baya, fure ɗaya tak ya rage. Ya sa na janyo masa shi da sanda ba tare da na tsinke ba. Ya kai shi dab da idonsa, ya juya shi, ya daɗe a haka.

"Naja'atu, shuɗin nan, mai duhu ne ko mai haske?"

"Mai haske ne, Baba."

"Na fara mantawa," in ji shi. Ya saki furen ya koma kan ruwa. "Ki gaya wa yayanki na yarda. Amma a yi kafin damina."

Babu wanda bai san dalilinsa ba. Ba don hanya ya yarda ba, ba don fuskar jikoki ba. So yake ya sake ganin badon Inna da idonsa.

Aka sa masa rana cikin bazara a wani asibiti a Kano. Ido biyu ne, ba a yin su tare, don haka zai yi sati shida a gidan Sharfaddeen. Kafin ya tafi ya lalubo karan dawa ya rufe lakar da kansa, ya bar wa maƙwabciyarmu Hanne amanar ta riƙa zuba bokiti ɗaya duk kwana biyu.

To, a daminar da ta gabaci tafiyarsa katangar bayan gidanmu ta faɗi, wajen kamu ashirin. Baba ya toshe wurin da zana. Wannan zana ta tsaya min a rai. Gidan Malam Maiwada magini, wanda ya gina wa rabin gari, a ce bayan gidansa zana ce? Kullum na zo sai na ji kamar ana nuna ni da baki. Da ya tafi Kano sai na ce ga dama ta samu. Idonsa zai buɗe, bari abin da zai fara gani ya zama sabuwar katanga.

Na je na sami Hafizu. Shi Baba ya koya wa gini shekara talatin da suka wuce, yanzu shi ma ya fara furfura, shi ne babban maginin unguwa. Ban gama magana ba ya ce, "Naja'atu, wannan ai ba aikin kuɗi ba ne, gayya za a yi." Kafin Juma'a ya tara mutum ashirin da biyu. Wanda Baba ya gina wa zaure ya zo, wanda ya gina wa rumbu ya zo, har masu tsokanar nan na majalisa suka zo da digarsu. Ni da Hanne muka ɗora tukunyar tuwo, aka dama kunu, na sayo goro.

Sai maganar ƙasa ta taso. Ramin da gari ke ɗiba yana da nisa, sai an yi ta jigila da baro. Hafizu ya leƙa ta kan danga, ya ɗaga karan da ƙafa, ya ɗebo lakar ya murza a tafinsa. Ya ce rabon da ya ga ƙasar gini mai kyau haka har ya manta, shekara arba'in tana kwance tana ruɓa. Wani ya ce tsoho ne ido ba ya gani, shi ya sa shara ta taru a ramin. Wani ya ce in aka yashe shi aka ƙara masa zurfi, ruwa zai kai har tsakiyar rani, Malam ya more badonsa wata biyu fiye da da.

Hanne ta ɗan ja ni gefe ta ce, "Anya, Naja'atu? Malam fa ya bar min amanar wurin nan." Na ce mata ai gyara za a yi, ba ɓarna ba. Ba zan ce ban sani ba. A gidan aka haife ni, da kunnena na ji Inna tana cewa barci suke yi a ƙasa. Amma a ranar katanga ce kawai a idona, da yadda Baba zai tsaya a gabanta. Ni na ce, "Ku yashe shi." Da bakina na faɗa.

Suka kwashe karan suka tara shi gefe. Diga ta shiga. Aka fito da laka kwano-kwano, aka zuba ruwa, aka zuba yankakkiyar ciyawa, maza suka shiga suna cuɗawa da ƙafa suna waƙa. Can wajen azahar wani ya ɗaga hannu ya ce, "Kai, ku ga kwankwarita!" Baƙaƙe, manya-manya, wasu sun kai dunƙulen hannu. Suka tsince su cike da kwano biyu suka tura cikin rushin da muka dafa tuwo. Na ce wa Hafizu, "Ba za mu mayar da su ba?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Malama, ke da kika yi boko. Wa ya taɓa shuka bado? Ruwa na sauka zai dawo da kansa." Kowa ya ce haka ne. Aka ɓare min ɗaya mai zafi aka miƙo min, na karɓa na ci. Tana da gari, tana da ɗan zaƙi.

Aka dunƙula tubali aka jera a rana. Bayan kwana goma suka dawo suka ɗora katanga. Ta miƙe sambal, baƙa wuluk, ta fi sauran katangun gidan kyau nesa. Ramin kuwa ya koma zurfin ƙirji, ƙasansa jar ƙasa mai tauri. Na share bakinsa, na gyara dangar, na tsaya ina jin daɗin kaina.

Ranar da Baba ya dawo unguwa ta cika a ƙofar gida. Ya sauko daga mota da baƙin tabarau, ba wanda ya riƙe masa hannu. Yana kiran mutane da sunansu tun daga nesa, ana ta barka. Ya sha ruwa, bai ko zauna ba ya nufi baya, mu duka muna biye da shi muna ƙunshe dariya.

Ya tsaya a gaban katangar. Ya cire tabarau. Ya shafa ta da tafinsa daga sama zuwa ƙasa, ya kankare kaɗan da farce, ya kai hanci. Sannan ya juya a hankali ya dubi danga. Ya taka ya buɗe ƙofar, ya leƙa ramin. Ban san tsawon lokacin da ya yi a tsaye ba. Ni dai a nan take na san abin da na yi.

Da ya juyo, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya bi mutanen ɗaya bayan ɗaya yana sa musu albarka. Ya ce Allah ya gina musu a Aljanna. Ya aika aka sayo goro ya raba da hannunsa. Ya dafa kafaɗar Hafizu ya ce, "Ta miƙe. Ko ni iyakar abin da zan yi ke nan." Shekara talatin Hafizu yana jiran wannan kalma daga bakinsa, sai da ya share ido da hannun riga.

Bayan an watse, ya zauna a kan kujerar Inna a bakin ramin. Na zo na durƙusa.

"Kun ga wasu abubuwa a cikin lakar?"

"Mun gani, Baba."

"Suna ina?"

Na sunkuyar da kai. Sai da ya sake tambaya, a hankali, na ce, "An gasa."

Ya gyaɗa kai. Ya daɗe yana kallon jar ƙasar. Sannan ya ce, "Duk cikin da Innarku ta yi sai ta yi kwaɗayinsu. Ba ta taɓa cin ko ɗaya ba."

Da ya zage ni, da ya ɗaga hannu ya mare ni, da na samu sauƙi. Bai yi ba. Ya ce in tashi in ɗora masa ruwan ɗumi, lokacin ɗiga magani ya yi.

Damina ta sauka. Ramin ya cika taf. Kwaɗi suka dawo, kainuwa ta dawo, gemun kwaɗo ya tsiro a gefe, har na'ana'ar ta farfaɗo. Kullum da hantsi Baba zai ɗauki kujera ya je ya zauna da sabon idonsa, idon da yanzu yake zura zare a allura. Sati uku suka wuce, shida suka wuce. Ba ganye ko ɗaya. Masu tsokanar majalisa suka daina tsokana. Hafizu ya fara canja hanya in ya hango ni.

Ranar kasuwar Ajingi na ɗauki hutu a makaranta, na hau mota, daga can na hau babur zuwa Gafasa. Na sami Kawu Bashir, ƙanen Inna, na ce ya kai ni tafkinsu. Ya dube ni ya ce, "Wane tafki, 'yata?" Ya kai ni duk da haka. Shinkafa ce kore shar iyakar ganin ido, injin ban ruwa yana ta ƙara. Ya ce yashi ya cike wurin tun shekara goma sha biyar da suka wuce, aka raba shi gonaki. Ya ce shi kansa rabonsa da shuɗin bado tun kafin ya yi aure, ya ɗauka ma a gidanmu kaɗai ya rage. Muka zagaya kududdufi huɗu a ranar. Na sa masunta cigiya har bakin kogi. Duk wanda aka kawo min fari ne.

Na kawo farin gida a bokiti, don ba zan iya dawowa hannu rabbana ba. Baba ya karɓa ya ce Allah ya yi min albarka. Ya ɗaura kowace saiwa a cikin ƙullin laka ya jefa a gefen da ba zurfi. Ya kama, ya yi ganye, ya yi fure. Amma farin bado da yamma yake buɗewa, hantsi na ɗagawa ya rufe. Lokacin da Baba zai iso da kujerarsa, sai ya tarar suna tsukewa. Yakan zauna duk da haka, don kada in ji ciwo.

Wata Asabar na kasa daurewa. Na ce, "Baba, ƙananan saiwoyi da 'ya'yan duk suna cikin tubalin nan. Bari in kira a rushe ta, a mayar da ƙasar cikin ramin. Ni zan yi wa Hafizu bayani."

Ya ce, "Mutum ashirin da biyu suka bar gonakinsu da sana'arsu, suka cuɗa ƙasa da ƙafarsu saboda ni. Na tsaya a gabansu na sa musu albarka. Sai kuma su wayi gari su ga na sa diga a kai? Da wane ido zan dube su a masallaci?"

"Za su gane, Baba."

"Za su gane, shi ya sa ba zan yi ba. Yanzu zato suke yi. In na rushe, sun tabbata. Hafizu ba zai ƙara ɗaga kai a garin nan ba." Ya dube ni. "Ke ma haka."

Na yi kuka a ranar har kaina ya yi ciwo.

Cikin watan Agusta aka yi marka, kwana biyar ruwa bai ɗauke ba. A rana ta shida Hanne ta kira ni a waya ta ce in zo, Malam ya ƙi shiga ɗaki. Na tarar da shi a durƙushe a gindin katangar, gwiwoyinsa cikin taɓo. A jikin tubali na biyu daga ƙasa, wani ɗan ganye ya tsiro, bai kai farcen babban yatsa ba, zagayayye, da ɗan tsagi a gindinsa. Ko a mafarki aka nuna min zan gane shi.

"Kin gani?" in ji Baba. "Ni na fara ganinsa. Daga can bakin danga na hango shi."

Ya ɗauko wuƙar aski, ya yi kusan awa guda yana ƙwaƙule ƙasar da ke kewaye da shi. Ya ɗora shi a cikin ƙwarya da laka da ruwa kaɗan, ya ajiye a inuwa. Ya hana kaji zuwa wajen. Ya yi ganye na biyu. A rana ta tara ya yi rawaya, ta goma ya narke a cikin ruwan. Baba ya wanke ƙwaryar ya kife ta.

Daga nan ne ya fara abin da ya ba mutanen gari mamaki. Duk magini ya san katangar ƙasa sai da yaɓe duk shekara, sai an gyara mata kai don ruwa ya zame. Baba, wanda ya yi rayuwarsa yana kare katangu daga ruwa, ya bar wannan tsirara. Da rani Hafizu ya zo da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, zai yi mata yaɓe kyauta, Baba ya ce, "Bar ta tukuna, ta sha iska." Ya haƙa 'yar magudana daga gindin katangar zuwa ramin, ta yadda duk abin da ruwa ya wanko zai gangara can. Kullum da safe kuma ya ɗebo ƙasa kwando ɗaya daga gona ya zuba a ramin, yana so ya mayar da shi iya gwiwa kamar yadda Inna ta bar shi. Na tambaye shi, ya ce, "Ni ban rushe ba. In ruwan Allah ya rushe, babu wanda zai ji kunya."

Damina ta biyu ta ci kamu ɗaya daga saman katangar. Baƙar laka ta riƙa gangarawa ta magudanar. Baba ya juya kujerarsa, yanzu rabin kallonsa ruwa, rabi katanga. Babu abin da ya fito.

Ya rasu cikin kakar wannan shekarar, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Ranar da ya rage masa kwana ɗaya, da hantsi, ya sa aka fito da shi tsakar gida. Ya yi wa Sharfaddeen maganar gona da rumbu. Sannan ya kira ni, ya riƙe hannuna, ya ce, "Kada ku yi wa katangar siminti." Na ce to. Ya ce, "In ya fito, ki ƙirga daidai. Ban da ƙari." Ashe duk shekarun nan ya sani.

Damina biyu ke nan da rasuwarsa. Katangar ta dawo min iya kafaɗa, mai wucewa yana hango tsakar gidanmu. Sharfaddeen ya sauke bulo ɗari uku a ƙofar gida tun bara, ya ce abin kunya ne, gidan magini a buɗe. Na ce masa na san wannan kunyar, ita ta kai ni inda nake. Bulon suna nan, ciyawa ta fara fitowa a tsakaninsu.

Duk Juma'a ina zuwa. Asabar da hantsi in ɗauki kujerar Inna, in share magudanar da hannuna, in kwashe kainuwa, in duba jikin tubalin ɗaya bayan ɗaya, sannan in duba ruwan. In na gama sai in faɗa da ƙarfi, yadda zai ji in da yana zaune a wurin.

"Babu ko ɗaya yau, Baba."